Maulud Mai Ban Ruwan Ulaya

Maulud mutumin Madarunfa ne, can ƙasar Maraɗi. Da guga ya tashi a hannu, yana ba albasar mahaifinsa ruwa a bakin tafki. Da ya zo Riyad neman aiki, tiyo aka damƙa masa, aka ce ya kula da ciyawa da dabinan gaban wani dogon bene a unguwar Ulaya.

Ba abin da yake so kamar lokacin da hantsi bai fito ba, kawunan feshin ruwa su ɓullo daga cikin ciyawa da kansu, kamar an kira sunansu. Sai ya tsaya, yayyafin na sauka a fuskarsa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi. Nan gilasan benen kan koma masa tafki, motoci su koma kwale-kwale, har wani direba ya danna ham.

Wata rana ya tambayi mudir, shugabansu a wurin aiki, "Wa ke tashe su?"

"Na'urar cikin akwatin can. Mai takardar shahada kaɗai ke taɓa ta."

Daga ranar Maulud ya sa jarrabawar masu aikin ban ruwa a ransa. Sai dai tambayoyin da Larabci suke, shi kuwa nasa na kasuwa ne. Maƙwabcinsa a unguwar Utaiƙa, Tamimu, Bazazzagi mai karatun fiƙihu, ya ɗauki nauyin karanta masa bayan kowace Juma'a.

"Yaya Maulud, idan ƙarfin ruwa ya ragu a ƙarshen layi, me za ka fara dubawa?"

Maulud ya lumshe ido. Ya bi ruwan daga tanki, ya nutse da shi ƙarƙashin ƙasa, ya wuce saiwoyin dabino cikin sanyi da duhu. Shayinsa har ya huce.

"Yaya, ka yi barci ne?"

"Ina cikin bututun, Malam. Rariya ce ta toshe."

Tamimu ya yi dariya. "Daidai. Amma a zauren jarrabawa ba za su jira ka fito ba."

Haka kuwa aka yi. Karon farko lokaci ya ƙare yana tsakiyar lissafi, ya faɗi. Bayan kwanaki ya sake ƙwanƙwasa ƙofar Tamimu. Da shekara ta zagayo, ya ci.

Kamfanin ya tura shi wani fili a gefen gari, rairayi zalla, inda za a yi sabon lambun shaƙatawa. Daga can ya kira matarsa Safiatou a waya.

"To, Maigida, yanzu kai ke sa ruwa ya sauko?" in ji ta.

"Na ƙasa kaɗai aka ba ni. Na sama yana hannun Mai shi."

"Me kake gani a wurin?"

Maulud ya dubi rairayin yana ƙyalli. Ya ce akwai inuwa, da yara suna guje-guje ba takalmi.

Ta ce ya ɗauko mata hoto. Ya ce ta ɗan ba shi lokaci.