Shekarar da Damin Hanatu Bai Zo Ba

Lokacin da nake takabar Malam Cha'ibu, kullum da asuba sai in iske buta cike da ruwa a bakin ƙofata. Hanatu ce ke ajiye ta kafin ta shirya zuwa kwaleji. Ita ba ta salla, Kirista ce, amma ta fi wasunmu sanin lokacinta.

Ɗiyar Ayuba ce, wani manomin ƙauyen Kona, abokin marigayi. Yanzu malamar gona ce a Issawane, har da jikoki, amma ni wannan yarinyar mai kaushin hannu nake gani in an ambace ta. A nan Tasawa, ɗan ƙauyen da ya samu kwaleji sai an nema masa masauki, iyayensa kuma su aiko da damin gero bayan kaka a haɗa a tukunyar gida. Gidanmu ne masaukin Hanatu, kuma Ayuba bai taɓa fashi ba.

A shekararta ta ƙarshe ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Sojoji ke mulki, su ke rabon jar dawa ta taimako, a yini a layi a dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Masu masauki suka shiga sallamar ƴan lakkol, wato ƴan makaranta, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Ni ban ce mata komai ba, amma tana ganin yadda nake auna wa ƴaƴana gari.

Hanatu dama ba ta barin komai na kwalejin nan ya wuce ta. Littattafan da ke kulle a kabad ita ta matsa wa mushensu, wato malaminsu, har ya gaji ya ba ta mabuɗi. Takan ce kyauta aka ba ta makarantar, ba za ta bar musu ragowa ba. Da gwamnati ta ce a yi noman rani a bayan rijiyar lakkol, sauran yara suka ce aikin fursuna ne. Ita ta karɓi fangalinta da na waɗanda suka gudu. Da sanyi ya shigo ta fara kawo mini kabeji da dankali a bakin zane.

Wata ranar kasuwa Ayuba ya iso da jaki ba kaya. Ya durƙusa, ya kasa kallona. Ya ce za su yi kudu cirani, kuma ba zai bar ɗiyarsa tana cin tuwon marayu ba dami ba. Ya ce ta ɗauko akwatinta.

"Baba, ba ni zuwa," in ji ta. "Abin da ya rage mini bai kai wanda na wuce ba."

Ta nuna masa kabejin. Ya ce ganye ba gero ba ne, ba da ganye ake fita kunyar mutane ba. Ta ce to shi muka ci jiya, kuma mun kwana lafiya. Ya miƙe ya kwance jakinsa, ya ce zai sauka wurin ƴan cocinsu, da safe zai zo ɗaukar akwatin.

Yana fita ta jawo akwatin har ƙarƙashin gadona, ta tsuguna gabana tana haki.

"Inna, in ya zo ina lakkol, kar ki ba shi. Ki ce masa kin karɓi kabejina a madadin dami. In daga bakinki ya ji, zai yarda."