Telar da Ba Ta Iya Ƙarya Ba

Kowa ya san tela da faɗin gobe, amma ban da Inna Tela. Shekara talatin tana bisa keken ɗinki a wani shago da bai fi ɗakin girki ba, in ɗinkinki bai gamu ba sai ta ce miki bai gamu ba. Ba tsabar waliyyantaka ba ce, Allah ne bai ba ta baiwar ba. Da ta ɗauko ƙarya sai harshe ya sarƙe, ido ya koma ƙasa, har mai sauraro ya ji tausayinta.

Ƙarya ɗaya ta taɓa yi da ta zauna, ita ma a takarda.

Autanta direba ne, yana zaune da iyalinsa a ƙasar da ke maƙwabtaka. Aka fasa wani sito a can, aka ce an ga motarsa. Lauyansa ya aiko da takardar shaida a rubuce tsaf: wai ranar yaron yana gida wajen uwarsa, tana gwada masa riga. Alhali rabonta da shi a lokacin wata bakwai. Aka kai ta wani ofis mai fanka ɗaya, aka karanta mata, aka gaya mata shaidar zur ɗauri ce a nan da can. Kanta a sunkuye ta dangwala yatsa, ta fito tana goge tawadar da gefen mayafi.

Takardar ta yi aiki, aka ba da belinsa. Sai dai kotu ta riƙe fasfonsa, ta ce ba za a rufe shari'a ba sai uwar ta zo da ƙafarta ta maimaita abin da ta rantse a kai, a yi mata tambayoyi. Shi ba shi da ikon fitowa. Ita kuwa ta san in ta tsaya gaban alƙali, tambaya biyu ta isa ta kai su kurkuku, ita da ɗanta.

Yau shekara biyar ana ɗage zama. Tafiyar yini ɗaya ce tsakaninsu, tashar motar ma daga ƙofar shagonta ana hango ta. Kewa ta ci ta ta cinye. An haifa mata jika, ba ta taɓa goya ta ba. Rigunan yarinyar da ka take yankawa, ta ba direbobi, a bugo a ce hannun ya yi gajere, ta zauna ta yi kukanta ta sake wata.

Bana ta ce ta gaji. Ta sa ƙanwarta ta zama alƙali, kullum bayan la'asar a kan bencin masu jiran ɗinki.

"Wace kalar riga kika gwada masa?"

"Shuɗiya."

"Yaya, ni za ki kalla, ba almakashi ba."

Wata biyu suna haka har ta fara iya ɗaga ido. Ta haɗa jaka, ta sayi tikitin Asabar, ba ta gaya wa Auta ba don kada ya sa rai. Ranar Juma'a ya bugo, ya miƙa wa 'yarsa wayar.

"Kaka, me ya sa ba kya zuwa gidanmu?"

Inna Tela ta gyara zama. Ga gwaji ya zo har gida.

"Ƙafata ce ke ciwo, uwata."

Yarinyar ta kwashe da dariya.

"Baba, zo ka ji, Kaka tana ƙarya."

'Yar shekara huɗu, a waya, ko fuskarta ba ta gani. Inna Tela ta taya ta dariya har suka yi sallama. Sannan ta jawo jakar, ta fitar da nata kayan ɗaya bayan ɗaya, ta bar na yarinyar a ciki, ta ɗauka ta nufi tasha neman direban da zai kai.