Ponnuthai, mai kashe fanka a gidan makoki

Kullum da safe Ponnuthai kan sha kofi a tsaye, ta duba akwatin ƙanƙara da 'yan almakasanta, ta zauna jiran waya. Wayar ba ta taɓa kawo labarin daɗi ba. Aikinta a wata ma'ajiyar idanu ta birnin Madurai shi ne zuwa gidan rasuwa, ta ciro tantanin idon mamaci, ta sa a ruwan magani, a dasa wa makaho. Ni ne direbanta shekara da shekaru, watan nan kuma ta ajiye aiki.

Babbar abokiyar gabarta fanka ce. Mutanenmu kan shimfiɗe gawa a tsakar ɗaki su sakar mata fanka don ƙauna, iska kuwa busar da ido take yi, ya tashi daga aiki.

Na tuna gidan wani tela, Irulandi, ana tsakiyar zafi. 'Ya'yansa sun yarda a ɗauki idon, amma matarsa Rakkamma ta tsaya ƙyam a gaban makunnin fanka.

"Amma, a taimaka a kashe fankar nan," in ji Ponnuthai. Amma a yarenmu Mama ke nan.

"Ba mai kashe ta! Mutumin nan ko a cikin kogi gumi yake. Rabin faɗanmu a kan fanka muka yi shi. Yau da ba shi da baki za ku ci zalinsa?"

Na raɗa wa Ponnuthai, wadda nake kira Akka, wato yaya, "Akka, mu tafi, idon nan ya kusa lalacewa."

"Thambi, ƙanena, kai don sitiyari aka ɗauke ka."

Ta nemo maficin ganyen giginya ta danƙa wa tsohuwar. "Yau iskar hannunki yake so, Amma. Daga ƙirji zuwa ƙafa naki ne, fuskar ki bar mini."

Rakkamma ta zauna tana fifita, tana yi masa mita. Can ta ce wa ɗanta, "Kashe." Ponnuthai ta yi aikinta, ta rufe wa mamacin ido lumshe kamar mai barci. Mutum biyu ne ke gani yau da idon telan nan.

Ke ce baƙuwar da ba a yi wa murna, Akka, mai shiga gidan kuka ta fito da haske. Waɗanda kika wa aiki ba su san sunanki ba, ba ki kuma nema ba. Mun gode.

Ku kuma, in an yi rasuwa a gidanku, ku rufe idon da jiƙaƙƙiyar auduga, ku kira ma'ajiyar idanu. Bara Rakkamma ta rasu. Muka isa muka tarar da fanka a kashe, 'ya'yanta suna karɓa-karɓa da mafici.