Sunan Malam Isuhu a Saman Fayil

Har gobe ba zan manta da ranar da aka ba ni aikin gyara kawunan fayiloli ba. An sayar da ƙaramin kamfanin manhajarmu da ke titin Gate City Boulevard a nan ƙasar waje, sai manaja ya ce in bi fayilolin in sa sunan sabon mai shi. Ga wanda bai san aikinmu ba, a saman kowane fayil akwai layi mai alamar haƙƙin mallaka, da shekara, da sunan mai aikin.

Ina cikin yi na ci karo da sunan Malam Isuhu, mutumin Damagaram, wanda ya koya mini sana'ar nan. Shi ya rubuta ɓangaren lissafin kwanan wata tun kafin a ɗauke shi aiki, ya sake shi kyauta ga kowa bisa wani lasisi, kamfaninmu ma yana amfani da shi. Kullum sai ya duba kod ɗina, wato rubutun manhaja, ya tsokane ni yana haɗawa da Faransanci: "Bon, ɗan Kano, kod ɗin nan naka kasuwar Kurmi ne, shiga da sauƙi, fita sai da ɗan jagora." Ya je gida ganin mahaifiyarsa, ciwo ya kama shi, a can aka binne shi. Ko gaisuwa ban samu zuwa ba, abin yana ci mini rai har yanzu.

Hannuna ya ƙi goge sunan. Mu kuma a al'adarmu ba ma ambaton mamaci haka kawai, sai na ƙara "Marigayi" a gaba, "Allah ya jiƙansa" a baya, na tura.

Washegari lauyar kamfani ta kira ni. Na tafi, na ɗauka za ta sa a share layin gaba ɗaya. Ta tambayi ma'anar kalmomin, na gaya mata. Sai ta ce doka ba ta tilasta wa kowa rubuta wannan layi ba, haƙƙin mai aiki yana nan ko da babu layin. Amma lasisin da Isuhu ya zaɓa ya gindaya sharaɗi: duk mai amfani da aikin ya bar sanarwar yadda ya same ta.

"Ba za mu goge ba," in ji ta. "Kai ma ba za ka ƙara ba. Wannan sai magadansa."

Na koma teburina na cire kalmomina.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, layin nan da kuke tsallakewa amanar wani ce, ba a rage mata, ba a ƙara mata. Addu'ar da fayil bai karɓa ba, da baki nake yin ta duk ranar da na buɗe shi.