Bencin da Beryl Skyrme Ke Ɓoyewa

Beryl Skyrme ta fara wakilcin cocin ƙauyenmu, Lydwell, tun kafin ni da matata Hilary mu tare a garin. Wakilan coci biyu ne a kowane ƙauye. Jama'a ke zaɓensu, amma ba sa zama wakilai sai Babban Dikin, mai duba coci-cocin yankin a madadin bishof, ya rantsar da su, kuma duk shekara ake sabunta rantsuwar. Makullai a hannunsu suke, idan rufi ya yi yoyo su ake tambaya. Abokin wakilcinta Gordon Preece ne, mai gonar tuffa. Da kaɗan ta girme shi, amma yaro take kiransa har gashin kansa ya ƙare.

'Yar maƙeri ce. Ta auri Len, direban motar madara, ta yi aiki a gidan wayar ƙauye har ranar da aka rufe shi. Allah bai ba su haihuwa ba. Gajera ce mai saurin tafiya, kullum da rigar sanyi ruwan toka, kuma ba a taɓa yin taro a cocin nan ba tare da kek ɗinta na lemo ba.

Muƙamin Babban Dikin ya girmi ginin cocinmu. Da fari shi ne shugaban dikinonin da ke riƙe kayan ikilisiya suna raba wa mabukata, har ana ce masa idon bishof. Can baya ya samu kotunsa, yana cin mutane tara. Da aka rage masa wannan, sai ya zama mai zagaya ƙauyuka a kan doki yana duba gine-gine da kayan cikinsu. Doki ya wuce, amma safar hawa mai maɓallai, daga gwiwa zuwa idon sawu, ta daɗe a ƙafar masu muƙamin. Ni a jami'a na karanta wannan. Beryl kuwa ta ga safar da idonta.

Tana yarinya, mahaifinta ne wakili. Mahaifiyarta ta ɗinka labule mai kauri ta rataya a ƙofar arewa, inda iska ke shigowa ta daskarar da masu sujada. Da Babban Dikin Chaloner ya zo zagayensa, sai ya zunguri labulen da bakin lema, ya tambayi wa ya ba da izini. Ba a sa komai ko a cire komai a coci sai da izini a rubuce, kowa ya sani. Kafin la'asar an sauke labulen. Daga ranar Beryl ta yanke cewa ba a tambayar Babban Dikin, tunda amsarsa a'a ce. Abin yi kawai shi ne kada ya gani.

Saboda haka duk makon da za a zo zagaye, kaya kan bar coci su koma garejinta: dardumar da ke gaban mumbari, butar shayi ta lantarki, akwatin kayan wasan yara, da na'urar ɗumama ɗaki da mai kiɗa ke turawa ƙarƙashin kujerarta. Baƙo na juya baya, a maido su. Ta san halin kowane Babban Dikin da ta yi zamani da shi. Akwai wanda ba ya ganin komai sai indararo, da kwat ɗinsa zai hau tsani. Akwai wanda kek ke ɗauke masa hankali, sai ta zaunar da shi da faranti har lokaci ya ƙure. Takan ce duk mutanen kirki ne, amma mutumin kirki ma idan ya gani dole ya rubuta.

'Yarmu Imogen ta rasu tana shekara ashirin, bayan gajeriyar jinya. An binne ta a farfajiyar cocin, kusa da katangar gabas. Hilary takan je kowace yamma, ga shi ƙugunta ba ya barin ta tsaya da daɗewa. Wata safiya muka tarar da bencin katako a gaban kabarin, ba suna a jikinsa. Len ne ya sassaƙa shi. Na je yin godiya, Beryl ta katse ni.

"Benci ne fa, Malam. Ba a yi wa benci jawabi. Ka sha shayi?"

Sai bencin ya shiga cikin kayan da ke ƙaura. Gareji ya yi masa nisa, don haka ni da Gordon muke ɗaukarsa mu kai bayan mashayar ƙauye, mu jera shi da bencinan mashaya kamar nasu ne. Gordon na tafe yana ƙorafin bayansa, Beryl na gaba tana ce masa ya ɗaga ƙafa, ai ba akwatin tuffa ya ɗauko ba. A waɗannan kwanaki Hilary takan zauna a gida. Duk mun yarda cewa ranar da aka ga bencin, ranar zai tafi.

Shekaru suka tura, Len ya rasu, aka naɗa sabuwar Babbar Dikin, Anthea Brockway, mace ta farko da ta riƙe muƙamin a yankinmu. Beryl ta shirya mata kamar sauran. Ta toya kek, ta goge sandar wakilci mai kan tagulla, ta sa Gordon ya jingina tsani inda za a gan shi.

Baƙuwar ta iso da hantsi a ƙaramar mota, da takalman roba a ƙafarta. Ta gaisa da kowa, ta dubi tsanin, ta ce rufi ba zai gudu ba, ita da makabarta take fara duba coci. Na bi su a baya, tunda ni ke rubuta bayanin taron majalisar coci. A katangar gabas ta tsaya. Ramuka huɗu ne a ciyawa, daidai da juna, a gabansu kuma wani ɗan fili da ƙafa ta cinye ciyawarsa har ƙasa ta fito.

Gordon ya yi gyaran murya ya ce zomaye sun dame mu bana.

"Zomayen Lydwell da ma'auni suke haƙa ke nan," in ji ta. Ta juya ga Beryl. "Misis Skyrme, me ke zama a nan?"

Da yammacin ranar za a rantsar da wakilai, kuma a rantsuwar akwai alkawarin yin aiki da gaskiya. Ɓoye abu daban, a tambaye ka ka yi ƙarya daban, kuma Beryl ba ta taɓa haɗa su ba. Sai ta faɗi komai: wanda ya sassaƙa bencin, wadda ke zama a kai, da inda yake a wannan lokacin. Ta miƙa sandar.

"Ranki ya daɗe, ni na sa shi, ban tambayi kowa ba. Ga sandarku, ku ba wani. Amma bencin ku bar wa matar nan."

Babbar Dikin ba ta karɓi sandar ba. Ta karanta sunan da ke kan dutsen, ta tambayi ko iyayen suna garin. Na ce ni ne mahaifin. Ta yi mini ta'aziyya a taƙaice, yadda nake so a yi. Sannan ta tambayi Beryl ko an taɓa neman izini aka hana. Beryl ta ce ita ba ta haukace ba da za ta nema, ta kawo labarin labulen mahaifiyarta. Matar ta saurara har ƙarshe. Ta ce an daɗe da sauya dokar. Ƙananan abubuwa irin benci ba sai an kai su kotun bishof ba, Babban Dikin na iya amincewa da kansa, kuma rabin aikinta yanzu amincewa ne da irin waɗannan. Sharaɗinta ɗaya, a kafe ƙafafun a ƙasa don kada ya kife da wani.

"Tun yaushe aka sauya?" in ji Gordon.

Ta gaya masa. Ya dafe bayansa ya dubi Beryl.

"Kin ji ko, tsohuwa? Da kin buɗe bakinki kin tambaya, da yanzu ina tafiya a miƙe."

"Yi mini shiru, yaro. Motsa jiki na ba ka kyauta."

Da muka shiga coci, baƙuwar ta nuna inda launin daɓe ya bambanta a gaban mumbari, ta ce a maido dardumar ita ma, da duk 'yan'uwanta da ke gudun hijira, ta gan su ɗaya ɗaya. Ta amince da duka ban da na'urar ɗumama ɗaki, wadda ta ce wayar wutarta ta girme ta ita kanta. Beryl ta yi gardama a kan wannan har kek ya ƙare, ba ta yi nasara ba, kuma na ga alamar hakan ya kwantar mata da hankali. Ta ce mini da an amince da komai da komai, da ta yi shakkar ko Babbar Dikin ce ta gaske.

Ni da Gordon muka ɗauko bencin daga bayan mashaya da rana tsaka, ta babban titi, mai mashayar na tsaye a ƙofa yana cewa mun rage masa wurin zaman baƙi. Muka saka ƙafafun a ramukansu. Na wuce gida na gaya wa Hilary. Ta ɗauki sandar dogarawarta ta fito.

Ƙarfe biyar aka rantsar da wakilai a cocin babban gari, Beryl a layin gaba. Ni ban je ba. Ina zaune kusa da Hilary a katangar gabas, sai ga Gordon ya dawo daga wajen rantsuwar da guduma da ƙarafan kafewa, ya ce tsohuwa ta ce yau za a yi, kada matar can ta kwana ta sake shawara. Muka tashi muka ba shi wuri.