Ruwan da Ya Ci Yaya Sada Bai Zo da Hadari Ba

Shekara goma sha takwas ke nan da ruwan teku ya ci yayana Sada. Ina wurin. Ina riƙe da hannunsa har ruwa ya kai masa wuya. Ni na fita, shi bai fita ba.

Sunana Mati. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake, limamin unguwarmu yana rubutawa, na kuma roƙe shi kada ya yi wa maganar ado. Abin da ya sa na buɗe baki bana shi ne Bishir, ɗan marigayin. Yana da shekara bakwai aka yi rasuwar, yanzu direban tirela ne da gemunsa. Bayan ƙaramar salla ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Baba, ka kai ni kabarin mahaifina." A danginmu ni kaɗai na san inda kabarin yake. Ni kuma tun daga ranar ban sake bin hanyar kudu ba. Ko madatsar Zobe da ke nan kusa da mu ba na zuwa bakinta.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Rawayau, ƙasar Kurfi. Da damina noma, da rani rakiyar shanu zuwa kudu a manyan motoci. Mu ne masu zama a saman mota, in saniya ta faɗi mu tada ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. In an sauke kaya, kowa neman inuwa yake a ƙarƙashin mota ya yi barci. Ban da Yaya Sada. Shi tambaya yake, me ake gani a garin nan? In an ce akwai dutse sai ya hau shi. In an ce akwai inda ruwa ke zubowa daga sama sai ya je ya tsaya ya jiƙe. Yakan ce Allah bai shimfiɗa duniya don mu ƙare rayuwa muna kallon bayan saniya ba. Kowace tafiya sai ya kawo wa Inna wani abu, ko tsakuwa mai launi, ko gashin wani tsuntsu, ta karɓa tana yi masa faɗa.

Ni abin da na sani ruwa ne. Kafin in fara bin shanu, fito nake yi. In gulbi ya kawo da damina, ni ke ƙetarar da masu zuwa kasuwa da gora. Babanmu ya koya mini. Ya ce kafin ka sa ƙafa a rairayi, duba gabas, duba inda gulbin ya fito. In babu hadari, ba a kuma yi ruwa a can sama ba, ko shimfiɗa ka yi a tsakiyar gulbi ba abin da zai same ka. In kuwa zai kawo, sai ya yi sallama: ka ji ruri daga nesa, ka ga kumfa da karmami, ruwan ya yi ja. Da wannan na yi shekaru ina fito ban taɓa rasa ko ɗan akuya ba. Har kirari ake yi mini.

A shekarar mun kai shanu Kalaba. Mota ta tsaya jiran lodin manja, kwana biyu ba aiki. Yaya Sada ya ji a zango cewa akwai wani wuri can inda kogi ya haɗu da teku, daji ne a cikin ruwa, da birai da tsuntsaye. Ya tashe ni da sassafe. Na ce ba ni zuwa. Ya ce, "To zauna, in mun koma in gaya wa Inna ɗan ruwanta ya zo bakin teku ya kwana ƙarƙashin mota." Na tashi.

Mun shiga ƙaramar mota zuwa wani ƙauyen masunta, daga nan kwalekwale. Mai kwalekwalen tsoho ne, ya yi soja, ya zauna arewa, yana jin Hausa irin ta bariki. Ba zan ɓoye ba, abin da na gani ya kai a gani. Itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu ƙafafu. Ƙaguwa ja birjik a kan laka, kowace da hannu ɗaya ƙato. Kifi yana fitowa daga ruwa yana tsalle a tudu. Yaya Sada ya yi ta salati yana dariya. Ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wadda ta yi miyar nan hannunta ya yi nauyi da gishiri.

Da hantsi tsohon ya sauke mu a kan wani tudun yashi. Can gaba akwai ɗan tsibiri mai dogayen itatuwa, sun yi fari fat da tsuntsaye. Tsakaninmu da shi fili ne na yashi da laka, da ɗan ruwa a tsakiya iyakar idon sawu. Tsohon zai je duba komarsa ta kamun kifi. Kafin ya tafi ya ce, "Malam, ku ji. Ruwa ya tafi ne, zai dawo. Kullum haka yake. Rana ta tsaya tsaka, ku dawo nan." Ya maimaita. Mun ji shi sarai, ba wata kalma da ta ɓace mana.

Yaya Sada ya juyo ya ce, "Mati, kai ne ɗan ruwa. Mi ka gani?"

Na duba gabas. Na duba inda kogin ya fito. Sama tas, ko ɗigon girgije babu, ga shi tsakiyar rani. Na ce, "Tsohon nan so yake mu dawo da wuri ya tafi gida. Ruwa ba ɗan kasuwa ba ne da zai je ya dawo." Ya yi dariya, muka kama hanya.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Na san karin maganar tun ina yaro. Ban ɗauka da ni ake ba, saboda a ganina ruwa duk ɗaya ne.

A tsibirin mun ga birai masu farin hanci, mun ga aku a sake suna tashi garke-garke, ba a keji ba. Yaya Sada ya zauna gindin itace ya ƙi motsi don kada ya kore su. Rana ta tsaya, ta karkata. Muka yi azahar, shi ya ja mu. Bayan sallama na waiga.

Filin ya ragu. Ɗan ruwan nan na tsakiya ya yi faɗi. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne inda ya dosa. Ba gangara yake ba. Daga teku yake shigowa yana hawa cikin ƙasa, baya da baya. Ba ruri, ba kumfa, ba karmami. Shiru. Ka sa ido a kan wata ƙaguwa a yashi, ka ɗauke kai ka mayar, wurin ya zama ruwa. Na sake ɗaga kai, sama tana nan tas. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, don duk abin da na sani ya tashi a banza a gabana.

Sai na yi kuskure na biyu. A gida, in gulbi ya fara kawowa, sauri ake a ƙetare kafin ya cika, don in ya cika sai ka kwana biyu a hayi. Na ce mu yi maza. Daga baya aka gaya mini da mun zauna gindin itacen nan, da kwalekwale ya zo har gabanmu ya ɗauke mu. Ruwan ba ya rufe tsibirin.

Yaya Sada bai iya iyo ba. Na kama hannunsa muka shiga. Ruwa ya rufe sawunmu na safe, ban gane inda yashi mai ƙarfi yake ba. A tsakiya ƙafarsa ta dama ta faɗa laka har gwiwa. Ya yunƙura, ta hagu ta bi. Na ja shi, ya ƙara nutsewa har cinya. Ruwa yana ƙugunsa a lokacin. Na nutsa ina tonon lakar da hannu, ina tonowa tana komawa. Na fito na shaƙi iska, ruwa yana cibiyarsa. Na sake nutsawa. Na fito, yana ƙirjinsa. Na yi ta kiran tsohon har muryata ta tsage.

Ya ce, "Mati, bar ihun nan, kana rikita mini kalmar shahada."

Na bari. Ya ce in ce wa Inna ta yafe masa. Ya ce a sa Bishir karatu. Sai ya fara ɓamɓare yatsuna daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya fi ni ƙarfi ko a ranar. Ruwa ya ja ni ya buga ni da saiwoyin itatuwan nan, na maƙale. A nan tsohon ya same ni wajen la'asar. Ya jawo ni cikin kwalekwale, ya dubi inda nake nunawa, ba komai sai ruwa a kwance. Bai ce ai na gaya muku ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi ruwan ya tafi, kamar yadda tsohon ya ce yana yi kullum. Muka same shi a inda na bar shi. Masunta huɗu suka tono shi da katako. Mutanen zango suka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Musulmi. Na kafa guntun ƙarfen sifirin mota a wajen kansa don alama.

Da na dawo gida na ce ruwa ya ci shi, kwana ya ƙare. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Ban ce an gargaɗe mu ba. Ban ce ni aka tambaya ba. Inna ta rasu tana sa mini albarka don na yi ƙoƙarin cetonsa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yara suna nuna mini teku a waya, in kau da kai. Shi da sai ya karɓe wayar ya ƙi bayarwa. Amma abin da zai fi ba shi mamaki ba waya ba ce. Mutumin da ya je har ƙarshen ƙasa don ya kalli birai, yau da ba zai iya zuwa gonarsa ta bayan gari ba sai ya tambaya ko hanya lafiya. Duwatsun da yake hawa yana hango ƙauyuka, yanzu ba mai hawa. Dajin da muke kiwo a ciki muna yara ya zama na masu bindiga. Sau biyu suna shigo mana. Na biyun na kwashe iyali muka baro ƙauyen, da matar Yaya Sada da 'ya'yanta. An ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ban san ko zai iya irin zaman da muke yi ba, na ƙofa a rufe da kunne a waje. Wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba, sai in yi istigfari.

Da Bishir ya zo da buƙatarsa, sau uku ina ce masa sai an kwana biyu. Na huɗu na zaunar da shi na gaya masa duka, kamar yadda na faɗa a nan. Na shirya ya tashi ya bar ni. Sai ya ce, "Baba, ban tambaye ka wanda ya duba sama ba. Na tambaye ka inda yake kwance."

Na ce ƙila tsatsa ta cinye sifirin, ƙila an binne wasu a kai. Ya ce za mu tsaya inda nake zato, addu'a ba ta ɓata hanya. Na ce to iyakarmu maƙabarta, ba ruwanmu da bakin ruwa. Ya yi murmushi ya ce, "Sai dai mun je, Baba."

Murmushin ne ya hana ni sukuni. Yaya Sada bai bar gadon gida ba, bai bar na shanu ba, ko hotonsa ba mu da shi. Abin da ya bari yana jikin Bishir. Abokan aikinsa sun gaya mini yakan tsayar da tirela a gefen hanya ya sauka don kawai ya kalli wani dutse. Karatun da uban ya ce a sa shi, an sa shi, ya sauke. Son ganin kuwa ba wanda ya koya masa. In na kwatanta masa wurin na bar shi ya tafi shi kaɗai, na san zai gama addu'a ya nemi kwalekwale. Ba zan iya hana shi ba, kamar yadda ba wanda ya taɓa hana ubansa. Abin da zan iya shi ne in kasance a wurin, in mutumin garin ya yi magana in ce masa ya bi, ni kuma in kama bakina.

Saboda haka na ce masa zan je. Allah ya jiƙan Yaya Sada, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Ni yanzu ina Dutsin-Ma, a gidan haya bayan tasha, ina sayar da igiyar shanu. Bishir ya samu lodin Kalaba, ranar kasuwa mai zuwa za mu tashi. Na ɗaure jakata tun shekaranjiya. Abinci ba ya shiga.