Kwanan Watan Da Kwamfuta Ta Buga Mini

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na tsaya a gaban tsofaffin kwamfutoci uku a Bodinga ina jiran ɗaya daga cikinsu ta wanke ni ba. Shekara biyar ke nan.

Tun kafin abin ya faru ina da abin da ke cina a rai. Ni 'yar Bodinga ce, aure ya kai ni Horo Birni ta ƙasar Shagari. Ban daɗe da tarewa ba ciki ya shiga, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan biki na haihu. Ko goyon ciki ba a samu kai ni gida ba, ina tsakar gida ina gyaran albasa naƙuda ta kama ni. Yarinyar ta zo 'yar mitsitsiya, cikin zannuwa muka raine ta. Sai dai ta zo da gashi cike da kai, kuma Allah ya sa ta yi saurin murjewa. Masu zuwa barka sai su ɗaga zane su leƙa su ce, "Tubarkalla, wagga ita ta bakwainin? Ga gashi kamar ta cika watanninta." Su yi dariya, ni ma in yi, amma na san me ake ƙirgawa. Kullum cikin fargaba nake, alhali ban yi komai ba.

Yarinyar tana da wata huɗu yayan mijina ya ce a ba shi takardun asibiti zai yi mata takardar haihuwa. Shi ne mai boko a gidan, duk abin da ya shafi rubutu ta hannunsa yake bi. Na ɗauko ledar da nake tara takardu na miƙa masa gaba ɗaya. A ciki akwai takardar gwajin da aka yi mini farkon cikin, lokacin da laulayi ya sa na je gida Bodinga, Inna mahaifiyata ta kai ni wani ɗakin gwaji na kuɗi. Wata ɗaya da rabi ke nan bayan biki. Mijina da kansa ya ɗora ni a mota ranar.

Da la'asar aka ce ana kirana a zaure. Na tarar da yayan nasa tare da mijina, takardar tana kan tabarma. Ya ɗora yatsa a kusurwarta ta sama ya ce, "Takardag ga ta ce an gwada ki an ga ciki wata biyu kahin a ɗaura aure. Kin haihu wata bakwai bayan biki. Bakwai da biyu nawa na?"

Na ce, "Yaya, wallahi bayan biki anka yi gwajin ga. Ga ƙanenka nan, shi yas sa ni mota."

Ya ce wannan tafiyar daban, wannan takardar kuma ta farko ce da na ɓoye. Na ce a tambayi Inna. Ya ce uwa ba ta shaidar ɗiya. Na ce a je a duba littafin masu gwajin. Ya ce abin da hannu ya rubuta ana iya sayensa, amma wannan bugun kwamfuta ne, ita kuwa ba ta cin hanci kuma ba ta da dangi a Bodinga.

Na juya na dubi mijina. Yana ta tsinkar bakin tabarma. Bai ce na yi ba, bai ce ban yi ba. Daga ranar kuma bai sake ɗaukar yarinyar ba. Mutumin da in ya dawo gona ko ƙafa bai wanke ba sai ya ɗauke ta, ya koma in ya shigo yana kewaye shimfiɗarta. Wannan ya fi maganar yayansa ƙona mini rai. Kwana tara ina cikin gidan nan, matan gida suna yin shiru in na fito ɗiban ruwa. A na goma na goya ɗiyata, na cusa takardar a haɓar zane, na tari mota.

Washegari ni da Inna muka je ɗakin gwajin. Ranar kasuwa ce, wurin ya cika. Mai wurin wani Alhaji ne mai tabarau, ko zama bai ce mu yi ba. Ya kalli takardar ya ce tasu ce, kuma abin da ke jikinta shi ke nan. Na ce ƙarya take yi. Ya ce, "Yarinya, aji nawa kinka yi da za ki ƙaryata kwamfuta? Ku tahi ku sasanta can gida, kak ku ɓata muna suna."

Aji huɗu na yi a firamare. Ban iya karanta Turanci ba, amma na san lambobi, kuma kwana goma ina kallon waɗannan lambobin har na haddace su kamar lambar wayar Inna.

Muka fito muka zauna a bencin waje. Wata tsohuwa da ta fito daga ciki ta zauna kusa da ni, tana riƙe da tata takardar a juye. Ta ce, "Ɗiyata, duba min, nan ina anka rubuta sukarin?" Na karɓa don in gyara mata riƙon, idona ya faɗa kusurwar sama. Lambobina ne, irin na tawa takardar sak. Rana ɗaya, wata ɗaya, shekara ɗaya. Takardar kuwa ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Na ce, "Iya, yaushe anka ba ki wagga?"

Ta ce, "Yanzun ga. Ba ki gan ni na hito ba?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bi bencin nan mutum-mutum ina cewa a nuna mini takarda. Wasu suka hana, wasu suka ba ni. Yawanci kwanan watan ranar ne a jiki. Amma na samu guda biyu bayan ta tsohuwar masu irin nawa, har da ta wani dattijo mai ciwon ƙafa. Na kwashe su na koma ciki, na zube su a teburin Alhaji. Ni da ko a gida ba a jin muryata, ranar har masu Keke Napep na bakin titi sai da suka leƙo. Na ce masa ko dai duk mu huɗu rana ɗaya muka zo bara, ko kuwa injinsa maƙaryaci ne, ya zaɓi ɗaya.

Nan Alhaji ya sassauta murya. Ya ce mu shiga daga ciki a yi magana. Na ce a nan gaban mutane ya ce mini yarinya, a nan za a yi. Ya buga waya ya kira wani malamin makarantar sakandare, wanda ya haɗa musu kwamfutocin. Ni ma na karɓi wayar Inna na kira mijina, na ce ya taho da yayansa yanzu, in ba su zo ba kada su sake nemana. Malamin ya riga su isowa, na roƙe shi kada ya taɓa komai sai sun zo. Mutum ne mai sanyin hali, da furfura a gemu. Ya ji labarin, ya yi salati, ya zauna ya jira tare da mu har bayan azahar.

Da suka iso a babur, malamin ya yi bayani yadda kowa zai gane. Ya ce kwamfutocin nan tsofaffi ne, kowace da irinta, abin da ke tafiyar da su na asali ya lalace tuntuni. Shi ne ya zuba wani mara nauyi da ake kira Linuks a cikin filashi, wato ɗan abin nan kamar yatsa da ake sokawa a jikin kwamfuta. Daga cikinsa suke tashi kowace safiya, in an kashe su kuma su manta komai. Ya ce zai gwada su ɗaya bayan ɗaya a ga inda ɓarnar take.

Ya fara da wadda ke kan teburin Alhaji, baƙa. Ya kashe, ya kunna, rubutu ya yi ta gudu, ta buɗe. Kwanan wata daidai. Yayan mijina ya gyara tsayuwa. Ta biyu ta tafi-da-gidanka ce, wadda aka tokare murfinta da gwangwanin madara. Ita ƙin tashi ma ta yi. Ya kashe ya kunna yana ta dannan wani maɓalli da sauri, fuskarta ta tsaya baƙa ƙirin. Ya zare filashin ya hura ramin, ya mai da shi wani ramin na ɗaya gefen, sannan ta yarda. Muka taru a kanta. Ita ma daidai.

Alhaji ya ce, "To, kun gani."

Yayan mijina ya ce, "Mun baro aiki mun taho kallon wasa."

 Na ɗauka shi ke nan. Sai na tuna ranar gwajina. Ba a waɗannan aka buga mini ba. Akwai wata fara da ta koma ruwan ƙasa, mai ƙara kamar injin markaɗe, wadda wata ma'aikaciyar wurin ta yi ta bugun gefenta da tafin hannu kafin ta tashi. Na waiga ban gan ta ba, sai na ga waya ta bi ƙarƙashin labulen ɗakin ɗibar jini. Na ɗaga labulen. Tana nan a ƙasa, an rufa mata tsohuwar sallaya, kuma da na taɓa ta da ɗumi. Wato muna waje muna jira aka kashe ta aka rufe.

Na ce, "Malam, wagga hwa?"

Alhaji ya ce wannan ba a cika aiki da ita ba sai ranar da mutane suka yi yawa. Malamin ya durƙusa ya soka filashin da ya ciro daga ta biyun. Ta yi ƙararta, ta tsaya, ya sake kunnawa. Ta daɗe ƙwarai, har yarinyar ta farka a bayana tana kuka. Da ta buɗe, malamin ya matsa gefe ya ce wa yayan mijina, "Kai ka iya karatu, karanta muna."

Bai karanta ba. Ni na karanta, lamba-lamba, da ƙarfi.

Malamin ya kwance murfin akwatin kwamfutar, ya ciro wani ɗan batir kamar kwabo. Ya ce shi ke riƙe wa kwamfuta agogonta in an kashe ta, wannan kuwa ya mutu. Ya ce abin cikin filashin kamar baƙo ne, duk gidan da ya sauka sai ya tambayi maigida yau nawa ga wata. In aka ba shi amsar da hankali ba zai ɗauka ba, sai ya riƙe ranar da ya baro gida, wato ranar da aka haɗa shi. Ranar kuwa ta faɗo wata biyu kafin aurena. Ya aika aka sayo sabon batir wurin mai gyaran agogo, ya saka, ya saita, ya kashe ya kunna sau uku. Duk daidai. Sannan ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, da laihina ciki. Ni na haɗa, ban duba agogon wagga ba. Ki yahe min." A duk mazan da ke ɗakin shi kaɗai ya faɗi wannan kalmar, shi da bai san ni ba.

Yayan mijina ya ce ai kowa ya ga takardar haka zai zata. Na ce, "Yaya, da kun bari an buga wata da sunanka kahin a canza batir, mu kai zaure a karanta. Kai ma da an samu abin ƙirga maka." Inna ta mintsine ni. Ban janye ba.

Mijina ya matso ya miƙo hannu zai kwance goyon. Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba na kira a gaban mutane saboda kunya, amma ranar na ja da baya na ce, "Ɗiyata ta. Kwana goma sha ɗaya ba ta da uba, ta iya ƙara kwana." Na sa Alhaji ya rubuta gyara a bayan takardar ya buga hatimi, na sa ya kira tsohuwar da sauran ya sake musu tasu. Na bi Inna gida.

Sharaɗi ɗaya na kafa kafin in koma: inda aka faɗi maganar a je a warware ta, a gaban matan gidan. Sai da aka yi wata guda ana kai da komo kafin yayan nasa ya tsaya a tsakar gida ya ce an samu kuskuren na'ura. Kuskuren na'ura ya ce, bai ce nasa ba. Mijina ya zo biko da turmin atamfa, ya zauna gaban mahaifina yana ta sunkuyar da kai. Na koma, muna tare har yanzu, mun ƙara 'ya'ya biyu. Yana son yarinyar nan kamar ransa. Amma akwai wani wuri a zuciyata da bai koma yadda yake ba, kuma shi ma ya sani.

Abin da na koya shi ne, batir ɗin ba shi ya yi mini komai ba, ƙarfe ne ya gaji ya mutu. Mutanen da suka ci tuwon hannuna ne suka ga ya fi sauƙi su yarda ni maƙaryaciya ce da su yarda inji zai iya kuskure. Don haka ina roƙonku, in an miƙo muku takarda a asibiti ko ofis, ku duba kwanan watan kafin ku bar wurin, in ba ku iya ba ku ba wani ya duba muku. Ku kuma masu aiki da tsofaffin kwamfutoci, don Allah ku dubi agogonsu kowace safiya kafin ku buga sunan ɗiyar wani.